Shekarar da Sha-ruwa Ta Kwanta

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar bazara, irin zafin da ko kaza ba ta tono, sai dai ta saki fukafukai ta buɗe baki a gindin randa. Cikin wannan zafi ne motar Habu ta lalace. Habu ɗana ne na uku, da motar nan yake ci da gidansa, yana kwasar ƴan kasuwa daga Dakoro zuwa kasuwannin ƙauye. Yau kwana da kwanaki tana gareji an zazzage cikinta. Matarsa kuma ba ta daɗe da fitowa daga gidan likita ba, sai da aka yi mata aiki kafin a ciro jaririn, ɗan abin da suka tara duk can ya tafi. Kullum bayan la'asar sai ya shigo ya zauna a bakin tabarmata, ya gaishe ni, ya hau latsa waya. Bai roƙe ni komai ba. Amma ina ganin inda idonsa yake zuwa, can turken da jar karsanata take ɗaure, ita kaɗai ta rage mini.

Na san wannan kallo. Ubansa ya yi shi a gidan nan, shekara talatin da wani abu da suka wuce, lokacin da azumi ya zo a bazara kamar bana, Habu yana goye a bayana.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, Shofer ƴan tasha suke ce masa, wato direba, ni ma da shi zan kira shi tunda bakina bai saba da sunansa ba. Gidansu masu shanu ne tun kakanni. Fari ya zo ya cinye garken, ɗan abin da ya tsira ya kora kasuwa, ya haɗa kuɗin ya sayo wata tsohuwar Landiroba wadda ta gaji da duniya tun kafin ta zo hannunmu. Yana da aboki tun na ƙuruciya, wani Bafillace mai suna Hammadu. Da Hammadu ya ji gidanmu babu ko ɗan maraƙi, sai ya koro jar karsana mai dogayen ƙaho, ya kafa turke da hannunsa ya ɗaure ta. Habbanaye ce, aron da Fulani suke yi wa wanda suke ƙauna. Ka riƙe ta, ka sha nononta, ƴaƴan da ta haifa naka ne, amma uwar ta mai ita ce, in ta gama yi maka sai ka mayar. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta. Woɗe yake kiran ta, a kunnenta kuwa akwai tsagar gidansu. A shekarar da nake ba da labari tana ɗauke da cikin fari, shi kuma Hammadu ya yi kudu da garkensa neman ciyawa.

Motar kuwa Sha-ruwa aka sa mata suna a tasha, kuma ba sharri aka yi mata ba. Radiyatarta yoyo take yi. Shofer ya zuba mata garin taba, ya liƙa sabulu, har kukar da zan kaɗa miya sai da mota ta ci rabonta. Ta yi kwana biyu kamar ta ji magani, sannan ta koma ɗiga. Abin da ke tayar da injin kuma ya mutu tun lokacin sanyi, don haka a kan gangaren bayan gidanmu take kwana, inda ƙasa take da tauri. Da an fito sallar asuba maƙwabta sun san aikinsu, kowa ya naɗe riga ya dafa. Malam Ila mai ɗinki, mutum ne siriri amma bakinsa ba ya hutawa, yana tura yana haki yana cewa, “Shofer, wanga turi cikin ladan azumi za a sa muna shi, ko kai ka biya?” A yi dariya. Motar ta yi tari, ta yi tari, ta tashi da hayaƙi, sai na ji numfashina ya sauka, don na san ranar za a auno hatsi.

Da ta tafi sai nawa aikin ya fara. Famfon unguwarmu a bazara iska kawai yake fitarwa, sai mu nufi rijiyar bayan gari ni da maƙwabciyata Dije, wadda take da jaki. Rijiyoyin ƙasar nan wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Jaki zai ja igiya ya yi ta tafiya har ya ƙanƙance a ido kafin guga ya leƙo, abin da ke ciki kuma ja ne, rabinsa ƙasa. Ga layin mata, ga masu raƙuma, ga rana tana hawa, ga bakinka a bushe ba halin ka kurɓa. Rairayi yana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. In na dawo da hantsi sai na raba. Garwar mota ita ce ta farko, don in ba ta fita gobe ba babu tuwo. Sai ta saniya, don amana ce. Sai ta yara da girki. Ni da na ɗebo ni ce ta ƙarshe, wani lokaci da ƙyar nake samun na alwala. Ina yi wa yara wanka a cikin tasa, ruwan da ya taru in ba kaji. Akwai ranar da na tsaya ina kallon Shofer yana tuttula ruwan da na wahala a kansa cikin bakin ƙarfe, yana ɗiga ta ƙasa rairayi yana shanyewa, na juya na shige ɗaki don kada in faɗi abin da zai karya mini azumi.

Haka muka lallaɓa har azumi ya raba tsakiya. Ranar kasuwar Kornaka ya fita da sassafe. Da yamma na dama kunu, na shimfiɗa tabarma, aka kira sallah, babu shi. Sai ga amalanke ta tsaya a ƙofar gida, shi ne a kwance an rufa masa rawani a ƙirji. A hanyar dawowa motar ta kafe cikin rairayi da tsakar rana, ga buhuna, ga mutane, ga raguna an ɗaure a sama. Ya yi ta ba ta wuta har ta tafasa. Fasinjoji suna ta surutu, shi kuma ga azumi ga fushi, bai jira ta huce ba ya murɗe murfin radiyata. Ruwan ya feso masa daga hannu har ƙirji. Fatar ta saluɓe kamar ta tumatirin da aka tsoma a ruwan zafi.

Daga ranar kamar an yi shela a gari cewa gidan Shofer ake karɓar kuɗi. Likita ya rubuta odonas, wato takardar sayen magani, man shafawa da allurai da bandeji, kuma kullum sai an je wanki. Mai babbar motar da ya jawo Sha-ruwa zuwa gareji ya zo karɓar ladansa. Raguna biyu sun mutu a saman motar saboda rana, na wani Alhaji ne mai fataucin dabbobi zuwa Najeriya. Ya zo har zaure, ya yi wa Shofer sannu da kyau, ya yi addu'a, sannan ya ce, “Ka san dukiyag ga ba tawa ba ce ni ɗai, da ta mutane ciki.” Har masu karɓar lanho, wato haraji, a makon suka ga damar zagayowa. Shi kuwa Sale makanike, da ya buɗe injin, sai ya kama haɓa. Ya ce kan injin, wanda suke kira kilas, ya tsage, kuma babu shi a Dakoro, sai Maraɗi.

Awakina suka fara tafiya. A bazara dabba ba ta da daraja, kowa sayarwa yake yi, dillalai sai su taɓa ƙashin bayanta su taɓe baki. Sai kwanonin jerena da uwata ta tara mini tun ina yarinya, Dije ta zagaya da su gida-gida. Sai gadon ƙarfe. Muka koma tabarma. Aka haɗa aka ba wani direba ya sayo kilas na hannu a Maraɗi. A lokacin babu waya a aljihun kowa, balle a ɗauki hoton abu a turo maka ka gani kamar yadda Habu yake yi yanzu. Ka ba da kuɗinka ne ka zauna kana kallon hanya. Da ya iso, Sale ya wanke shi da isansi, wato fetur, ya ɗaga shi a rana, ya daɗe yana dubawa, sai ya nuna wa Shofer wani ɗan layi siriri kamar gashi. Shi ma a tsage yake, an shafe shi da baƙin mai ne kawai. Aka mayar, mai kayan ya ce shi bai san zancen ba, abin da ya fita shagonsa ya fita. Ranar na yi kuka da murya, ban damu da wanda ya ji ba. Kwanonin uwata ne suka tafi a kan guntun ƙarfen banza.

Rumbu kuwa tuni na share ƙasansa da tsintsiya. Muka koma cin anza, ƴaƴan wani itacen daji da ake ci lokacin yunwa. Ni da Dije mu shiga daji da sassafe mu tsinko, mu ɓare, mu jiƙa, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa, don ɗacinta yana iya kashe mutum, ga shi kowane jiƙo ruwa yake ci. Mu haɗa da ganyen jiga, a barbaɗa ɗan ƙuli-ƙuli in an samu. Da shi muke buɗa baki, da shi muke sahur. Furar da nake dama wa yara, in ka leƙa ƙwaryar kana ganin fuskarka. Nonona ya janye, Habu ya kama ya tsotsa ya saki ya tsala ihu, ƴan matan biyu kuma sun daina wasa, sai su kwanta a inuwar katanga suna bin ni da ido. Da yamma hadari yakan taso daga gabas, baƙi ƙirin, mu fito mu tsaya, iska ta kwashe mana shanya, sannan ya watse ko ɗigo babu. Zafin da ke biyo baya ya fi na farko.

Woɗe ma ta rame, ƙasusuwan kwankwasonta sun fito kamar a rataya guga, sai cikin kawai a gaba. Ina tsinto mata ƴaƴan gawo, ina roƙo mata ƙaiƙayi a masussuka. Shi kuwa Shofer yana zaune a ƙofar ɗaki, hannu a sama kamar mai rantsuwa, yana korar ƙuda, idonsa a kanta. Ya yi kwanaki yana wannan kallo kafin ya buɗe baki.

“Ramma,” ya ce, “Sale ya samu wani kilas, na wata mota da ta hwaɗi. Ya gani da idonai, lahiya lau yake. Amma mai shi ba ya jira.”

Na ce, “To.”

“In na kai ta kasuwa, mota ta tashi, kahin ruwa ya zamna na saye wata awa ita in ɗaure. Hammadu na kudu, ba shi dawowa yanzu.”

Na ce, “Wata awa ita? Kunnen hwa, kai za ka tsaga mata shi? In ya kira ta, amsawa za ta yi?”

Ya ci gaba da korar ƙuda. Can na ce, “Ni dai ban ce ka kai ba, ban ce kak ka kai ba. Ɗiyan ga anza ta ishe su.” Iyakar gaskiyata ke nan. Na gaji, kuma da za a ce in zaɓa tsakanin kunyar duniya da kukan Habu, a ranar ban san wanda zan ɗauka ba.

Ranar kasuwa ya kwance ta da hannun hagu. Na saɓa Habu na bi bayansu. Kada wani ya ɗauka don in hana na bi. Na bi ne don in kuɗi ya shiga hannunsa a auno mini hatsi tukuna, kafin Sale da ƙarafansa su haɗiye sauran.

Kasuwar dabbobi ta cika da ramammun shanu da masu su, kowa fuska a murtuke. Wani dillali ya karɓi igiyar, nan da nan ya kawo mahauci. Mahaucin ya zagaya ta, ya danna cikinta, ya ce ciki gare ta, nama kuwa babu, ya yi tayi na wulaƙanci. Shofer ya ce albarka. Ya ƙara kaɗan. Ana cikin haka sai wata tsohuwar Bafillata mai tallan nono ta ajiye ƙwaryarta ta matso. Ba ta kalli kowa ba, kunnen saniyar ta kama ta shafa tsagar da yatsa, ta yi mata magana da Fillanci a hankali. Woɗe, wadda tun safe kanta yake ƙasa, ta ɗago ta yi wani ɗan kuka ta sa hanci a tafin matar.

Tsohuwar ta juyo. “Kai ne Shofer? Ni gwaggon Hammadu ce. Kullum zancenka yake, wai shi yana da ɗan'uwa cikin Dakoro.” Ta sake shafa wuyan saniyar. “Ta rame, amma namu sun hi ta ramewa. Kun riƙe ta da kyau. Sannunku.” Ta ɗauki ƙwaryarta ta koma inda take, ta zauna, ba ta sake duban mu ba. Ta san abin da ya kawo mu, ai ba a kawo saniya gaban mahauci don ta sha iska.

Mahaucin ya ƙara. Shofer ya ce albarka. Ya sake ƙarawa, har ya kai abin da Sale ya faɗa, ni da ke tsaye na san ya kai. Na matsa kusa na ce a hankali, “Ya kai hwa.” Gumi yana zuba daga goshinsa yana shiga bandejin, leɓensa ya tsattsage. Kalma ɗaya ta rage ya ce ya sallama. Dillali ya kama hannunsa mai lafiya zai haɗa da na mahaucin.

“Albarka,” in ji Shofer.

Dillalin ya ce, “Kai, bawan Allah, saidawa ka zo yi ko wasa da mutane cikin azumi?”

Shofer ya fizge hannunsa. Ya zare igiyar daga hannun dillalin, ya juya. Muka taho, shi a gaba, saniya a tsakiya, ni a baya ina tafasa fiye da Sha-ruwa. Da muka shigo gida na sauke Habu na ce, “To, yau mi za mu ci? Albarka za ni dahwa ma ɗiya?” Ya wuce turke. Ya ɗaure ta, ya ɗauki ɗan ruwan da na ajiye na girki ya zuba mata, ya fita.

Sai dab da magariba ya dawo, yana biye da jakin Dije, an ɗora masa hatsi. Na tambaye shi na ina ne. Ya ce ya sayar wa Sale motar, a matsayin ƙarfe, ya ciri abin da zai cira. Da kuɗin ya sallami Alhaji mai raguna da mai babbar mota, ya biya sauran magani, abin da ya rage shi ne a bayan jaki. Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin, ya juya shi, ya mayar. Aka kira sallah na miƙa masa ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba. Garken ubansa ne da na kakansa ya ƙare a ranar, a kan hatsin da bai kai mu kaka ba. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma da na gani sai na ji kunyar maganar da na yaɓa masa.

Ruwa bai sauka ba sai bayan Sallah da daɗewa. Ranar da ya zo da ƙarfi, muka jera duk abin da ya rage mana mai baki a tsakar gida, yara suka fita tsirara suna ihu. Shofer ya tsaya a ƙofar ɗaki yana kallon gangaren bayan gida, inda ruwa yake gudu babu mai shan sa. A cikin satin Woɗe ta haifi ƴar maraƙa ja. Sale ya cire inji da tayoyi da ƙofofi, ya ce gangar jikin ba ta da amfani a wurinsa, maƙwabta suka jawo mana ita da shanun noma, Malam Ila yana cewa wannan ne turi na ƙarshe, a rubuta. Kajina suka yi shekaru suna ƙwai a mazaunin direba. Da Hammadu ya dawo ya ga saniyarsa, ya ga ƴarta, ya ga gangar motar. Bai tambayi komai ba. Ya zauna kusa da abokinsa a kan tabarma tun hantsi har azahar, ba na jin sun yi magana mai tsawo. Sai da Woɗe ta ƙara haihuwa biyu ya zo ya tafi da ita.

Shofer bai sake mallakar mota ba. Ya yi ta tuƙa na mutane, yau wannan Alhaji gobe wancan, yaran da ya koya wa tuƙi suna aiken sa, har idonsa ya raunana aka karɓe makulli. Ban taɓa jin ya ce ya yi nadama ba, ban kuma taɓa jin ya ce bai yi ba. Zuriyar Woɗe kuwa ta yi mana rana. Da su muka aurar da ƴan mata, da su aka yi jinyarsa, wasu fari ya ɗauka, har aka zo kan wannan guda ɗaya da ke turke.

Jiya Habu ya shigo kamar kullum. Yanzu akwai famfo a tsakar gida, ana sayar da ƙanƙara a bakin titi, jikokina ba su san ɗanɗanon anza ba. Amma fuskar da ya shigo da ita ta ubansa ce sak. Na bar shi ya gama latse-latsensa, sannan na ce, “Habu, gobe kasuwa. Ka zo da sahe ka kwance ta.”

Ya ɗago da sauri. “Inna, ni ban ce ba. Ita ɗai ta rage miki.”

“Na sani, ai ni ka ba ta dusa. Tahi ka duba kunnenta, tsagar gidan ga ce. Wagga tamu ce, babu wanda za ya tare ka cikin kasuwa. Ubanka mota guda ya biya don in iya hwaɗa maka haka.” Ya sunkuyar da kai. Na ce, “Kuma ka auna ma matarka hatsi tukuna, kahin ka kai ma makanike. In sun kawo ƙarhen, ka wanke shi ka ɗaga ga rana da hannunka.”

Yau da safe ya zo. Da na ji motsin igiya sai na shige ɗaki na kama gyaran shimfiɗar da na riga na gyara. Da la'asar ta yi na jiƙa dusa kamar kullum, na ɗauko ƙwaryar, sai da na isa turken na tuna.